Yadda ake shirya tafiyar babur a Siberiya, daga Vladivostok zuwa Magadan

Daga Kano zuwa Legas kimanin kilomita 1,000 ne. Ka jera irin wannan tafiya sau tara, ɗaya na bin ɗaya, shi ne nisan Mosko zuwa Vladivostok, kuma duk a cikin ƙasa ɗaya kake. Yawancin mutane nisan ne ke firgita su, alhali shi ne mafi sauƙin abin da ke cikin tafiyar, don babur mai lafiya yana cinye kilomita 400 a wuni a kan kwalta ko gezau. Ƙurewar lokaci ita ke kayar da matafiya. Biza tana da ranar ƙarewa, lokacin zafi a arewacin Siberiya bai cika wata uku ba, jirgin fito sai ya ga dama yake tashi, kogi kuma idan ya kawo ba ruwansa da tikitinka na komawa gida. Wanda ya lissafa tafiyarsa cif-cif ba rarar kwana ko ɗaya, shi ne zai faɗa kogin da ya kamata ya zauna ya jira ya janye. Duk matakan da ke ƙasa an jera su ne domin ka tara wa kanka kwanakin da za ka iya zubarwa ba tare da hankalinka ya tashi ba.

Mataki na farko: zaɓi hanya ɗaya, ka haƙura da sauran

Hanyoyi uku ake magana a kansu. Ta farko ita ce babbar hanyar da ta ratsa ƙasar daga yamma zuwa gabas: Chelyabinsk, Omsk, Novosibirsk, Krasnoyarsk, Irkutsk a kusa da tafkin Baikal mai zurfin mita 1,642, sai Ulan-Ude, Chita, Khabarovsk, Vladivostok. Yanzu duk kwalta ce. Yankin da ya fi daɗewa ba a gama ba shi ne tsakanin Chita da Khabarovsk, fiye da kilomita 2,000, wanda aka kammala shimfiɗa masa kwalta a 2010, shekarar da Putin ya tuƙa wata 'yar ƙaramar Lada rawaya a kai don a gani. Idan wannan ka zaɓa, ka kula da tarko ɗaya: tsakanin Kurgan da Omsk titin yana kutsawa cikin Kazakistan ta Petropavl ya sake fitowa. Mai bizar shiga sau ɗaya idan ya bi nan ya fita ke nan. Ka zagaya ta Ishim.

Ta biyu ita ce hanyar da ke bin layin dogon BAM ta arewacin Baikal, daga Severobaikalsk zuwa Tynda. Hanyar ma'aikatan da suka gina layin ce, aka watsar da ita, gadojin katako suka ruɓe. A can ne tsohuwar gadar kogin Vitim take, mai tsawon mita 570, ba shinge ko'ina. Ba hanyar mai zuwan farko ba ce, na ajiye ta gefe.

Ta uku ita ce wadda wannan rubutu zai bi: ka tashi daga Vladivostok zuwa Khabarovsk, kimanin kilomita 760, ka miƙe yamma kimanin kilomita 1,200 zuwa mararrabar Never kusa da Skovorodino, ka karya arewa a titin Lena ta Tynda, Neryungri, Aldan da Tommot, wasu kilomita kusan 1,200, har gaɓar kogin Lena, daga nan titin Kolyma, kilomita 2,031, zuwa Magadan a bakin tekun Okhotsk. Jimla 5,000 da 'yan kai. Titin Kolyma shi ake wa laƙabi da Hanyar Ƙasusuwa, domin fursunonin sansanonin gwale-gwale na zamanin Stalin ne suka gina shi tun daga 1932, ƙarƙashin hukumar Dalstroy, kuma da yawansu a bakin aikin suka mutu. Kafin ka ɗaga waya ka yi hoton murmushi a gefen titin, ka tuna a kan wa kake tsaye.

Na fi son wannan tsari saboda wahalar tana ƙaruwa ne a hankali. Kana farawa da kwalta da gidajen mai a jere, jikinka da babur ɗinka su saba da juna, duk sukurun da zai kwance ya kwance tun kana kusa da makanike, kafin ka shiga inda za ka yi awa guda ba ka gamu da kowa ba.

Mataki na biyu: kalanda

Ƙofar tana buɗewa ne daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Agusta. Kafin nan ƙanƙarar duwatsu tana narkewa, koguna sun cika sun batse. Bayan nan, tun a Satumba dusar ƙanƙara kan sauka a kan tsaunuka. Wannan yanki ne da aka auna sanyin da ya kai digiri 67.7 ƙasa da sifili a Oymyakon a 1933, amma a watan Yuli rana kan ƙwalle a Yakutsk, babban birnin da ke bakin kogin Lena, ta haura digiri 30, kamar kana Azare. Dare kuwa a kan dutse yana iya sauka kusa da sifili a cikin wannan watan dai. Kwana ɗaya za ka yi gumi da rawar ɗari.

Ga lissafin. Kilomita 5,200 a kan 300 a wuni kwana 17 ke nan ko 18. Ƙara hutun kwana ɗaya bayan kowane huɗu, ya zama 22. Ƙara kwanakin fitar da babur daga kwastan a farko da na neman jirgin ruwan da zai ɗauke shi a ƙarshe, ka doshi 30, kuma har yanzu ba a yi ruwan da ya tare hanya ba, taya ba ta fashe ba, ciki bai ɓaci ba. Ke nan bizar kwana 30 ta yi kaɗan. Nemi ta wata uku, mai shiga sau biyu idan ta samu.

Mataki na uku: takardu da kuɗi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wata huɗu ko biyar kafin tashi ka fara. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza daga ofishin jakadancin Rasha da ke Abuja, da takardar gayyata daga kamfanin yawon buɗe ido da hukumar Rasha ta amince da shi, da inshorar lafiya. Ka tanadi lasin ɗin tuƙi na ƙasa da ƙasa da ke nuna ajin babur, da takardun mallakar babur ɗin da sunanka, daidai da yadda yake a fasfo harafi da harafi. Idan fasfo ya ce Muhammad takardar babur ta ce Mohammed, gyara tun a gida.

A bakin iyaka za a ba ka ƙaramar takardar shige da fice. Kada ta ɓata, sai ka miƙa ta ranar fita. Doka ta ce baƙo ya yi rajistar masauki cikin kwanakin aiki bakwai. Otal ne ke yi maka, ka riƙa karɓar 'yar takardar kana adanawa. Babur kuma kwastan za su ba shi takardar shigowa ta wucin gadi, wadda ke aiki a Rasha da Kazakistan da Belarus da Kirgistan da Armeniya gaba ɗaya, don kwastan ɗinsu a haɗe yake. Ka duba ranar da aka rubuta a kai kafin ka bar gaban tagar. Sai inshorar tilas ta abin hawa da suke kira OSAGO. Kowace takarda ka yi mata kwafi uku, ka ɗauki hotonta a waya, na asali ka naɗe a leda biyu ka sa a jikinka, ba a jakar babur ba.

Batun kuɗi ya canza tun Maris 2022: katin Visa da Mastercard da aka yi a wajen Rasha ba ya aiki a can, ko a na'urar cirar kuɗi ko a shago. Dala za ka riƙe a hannu, sababbi kar, marasa tabon biro ko yagewa, don banki kan ƙi tsofaffi ko ya rage musu farashi. Idan ta haura 10,000 dole ka bayyana wa kwastan. Ka canza isasshen rubul a Vladivostok da Khabarovsk da Yakutsk, ka nemi ƙananan takardu, ka raba su wuri uku.

Abu ɗaya da ya shafe mu kai tsaye. Tun da yaƙin Yukiren ya ɓarke an sha ba da rahoton 'yan Afirka da aka yaudara da alkawarin aiki, suka sa hannu a takardar da ba su iya karantawa ba, suka wayi gari a cikin kaki. Duk takardar da aka miƙo maka da Rashanci, haska ta da manhajar fassara tukuna. Kuma ka kawar da kyamararka daga gadojin jirgin ƙasa, barikoki da ayarin motocin soja. Jirgin nan maras matuƙi na ɗaukar hoto ka bar shi a gida. Yankuna da yawa sun haramta shi. Wayar tauraron ɗan'adam ita ma sai da izini ake shiga da ita.

Mataki na huɗu: babur, da yadda zai isa can

Ka'idar ɗaya ce: babur ɗin da za ka iya ɗagawa kai kaɗai, da kayansa, bayan ka gaji. Gwada a gida. Ɗaure masa duk kayan tafiyar, kwantar da shi a rairayi, ka ɗaga sau uku a jere. Idan na ukun ya gagara, ko ka rage kaya ko ka sauya babur. A 2004 wasu 'yan fim biyu na Birtaniya sun bi titin Kolyma da manyan baburan BMW, ga motocin rakiya, amma da suka iso kogunan da suka kawo sai da aka loda baburan a bayan manyan motoci.

Nemi mai gargaren gaba inci 21, mai wayoyi, da injin da ba ya ƙyamar man fetur mai lamba 92. Suzuki DR650, Kawasaki KLR650, Honda CRF300, Yamaha Ténéré 700, duk sun dace. Mai karatu zai ce Boxer fa? Ana sayar da Bajaj Boxer a Rasha, kuma a kan burji ba za ta ba ka kunya ba, ga sauƙin gyara ga rashin shan mai. A kan kwalta ne za ka ji jiki, inda tireloli ke wuce ka da gudun 90 iskarsu na jefa ka gefe wuni guda.

Isar da babur ɗin shi ne inda kuɗi ke tafiya. Manyan kamfanonin jiragen ruwa da dama sun daina zuwa tasoshin Rasha tun 2022, don haka hanyar da aka saba ita ce a tura shi a akwati zuwa Koriya ta Kudu, daga tashar Donghae a hau jirgin fito zuwa Vladivostok. Wannan yana nufin wata bizar ta Koriya. Wasu ta ƙasa suke shigowa, ta Mongoliya a iyakar Kyakhta kudu da Ulan-Ude. Wasu kuma sai su sauka Vladivostok su sayi na hannu, don garin cike yake da baburan da aka kwaso daga Japan. Mai wannan shawara ya ware mako guda na takardu. Ko wacce ka zaɓa, ka samu dillalin kwastan tun kafin ka taso. Kuɗinsa bai kai darajar kwana uku na bizarka ba.

Mataki na biyar: mai da taya

A nan zan daɗe, don a nan ake raba gari. Daga Vladivostok har Yakutsk mai ba abin damuwa ba ne sosai, in dai kana cika tanki duk lokacin da ya yi rabi. Daga garin Khandyga da ke kan titin Kolyma zuwa gaba akwai inda za ka yi kilomita 250 ko fiye ba famfo, wato ka tashi daga Kano ka wuce Kaduna ba ka ga gidan mai ba, ba kuma yaro mai galan a bakin titi. Gidan man da ke Kyubeme, tsakanin Khandyga da Ust-Nera, tankuna ne kawai da ɗan ɗakin kwantena a tsakar daji, amma duk wanda ya bi titin ya san shi, don ba makawa sai ka tsaya. Idan ka iso man ya ƙare, ko motar dakon ba ta zo ba, ka ga amfanin rara. Ka shirya babur ɗinka ya iya yin kilomita 400 ba tare da ƙari ba. A ce yana shan lita 4.5 a kowace 100, lita 18 ke nan, ka ƙara biyu saboda taɓo da iska. Tankin DR650 lita 13 ne, ke nan sai jarka ko babban tanki. Kada ka yarda da adadin da kamfani ya rubuta. Auna da kanka, da kaya, a kan burji.

Sayen mai ma yana da tsarinsa. Alamar gidan mai АЗС ce. A ƙauyuka ba mai zuba maka, kuma sai ka biya tukuna. Za ka zura bakin famfo a tanki, ka taka zuwa wata 'yar taga mai duhun gilashi da aljihun ƙarfe a ƙasanta. Ba ka ganin fuskar matar da ke ciki, muryarta kawai kake ji. Ka rubuta a takarda lambar famfo, 92, da yawan lita, ka sa tare da kuɗin a aljihun, ta ja ciki, ta turo canji. Ka koma da sauri ka riƙe tiyon da kyau, don wasu tsofaffin famfunan da zarar ta danna suke feshi, kuma ba sa tsayawa sai litar da ka biya ta ƙare, ko tanki ya cika ko bai cika ba. Ka biya ƙasa da abin da kake zato, ragowar ka juye a jarka.

Taya mai manyan haƙora kwalta ce ke cinye ta, kuma kana da kusan kilomita 2,000 na kwalta kafin Never, ga titin Lena da yawancinsa an riga an shimfiɗa. Ka fara da tayar da ke jure kwalta, ka tura sabuwa mai haƙora gaba zuwa Yakutsk ta kamfanin aika kaya na cikin ƙasar, ka sauya a can tare da baƙin mai. Tsakuwar Kolyma fasasshen dutse ce mai kaifi kamar aska. Tib biyu na gaba, biyu na baya, kayan faci, ƙarafan cire taya uku, da famfon hannu ko da kana da na batir. Alamar mai faci ШИНОМОНТАЖ ce, amma na motoci ne, galibi kai za ka kwance gargaren ka miƙa masa. Saboda haka ka koya tun a gida. Je wurin mai facin unguwarku ka ce, "Maigida, yau ni zan yi, kai dai ka tsaya a kaina." Ni ranar da na fara, sau biyu ina huda sabon tib da bakin ƙarfe kafin in gane sai an ɗan hura masa iska kafin a mayar da taya, yaran shagon na ta dariya. Gara a yi maka dariyar a Fagge da a ce kana koyo a gefen titin Kolyma sauro ya rufe maka fuska.

Sauran kayan gyara: sabuwar sarƙa da siforoket kafin tashi, mahaɗin sarƙa na ajiya, fulogi, wayar kuloci, takalman birki, boris na gargare, matatar iska ta biyu saboda ƙura, waya da salatif. Kowace safiya ka zaga babur da sifana kafin ka sha shayi.

Mataki na shida: jiki, ciki da salla

A dazukan kudu, wajen Vladivostok da Khabarovsk har zuwa Baikal, akwai kaskar da ke sa ciwon kumburin ƙwaƙwalwa, ta fi yawa daga Mayu zuwa Yuli. Tana da rigakafi, allura biyu da tazarar wata ɗaya zuwa uku, ko mako biyu a tsarin gaggawa. Ka nemi likita da wuri. Duk yamma ka duba hammata, mara da bayan kunne. Sauron can ba ya sa zazzaɓin cizon sauro, amma yawansa ya fi ƙarfin kwatance, ga wasu ƙananan ƙudaje masu cizo da ake kira moshka da ke shiga ta kowace ƙofa. Hular raga mai rufe fuska da wuya ta fi kowane man shafawa. Rigar ruwa ta gaske, safar hannu biyu, rigar sanyi ta ulu, bargon kwana da ke jure sifili, hular kwano mai rufe haɓa.

Abinci a КАФЕ na bakin titi yake, inda direbobin tirela ke tsayawa. Inda ka ga motoci da yawa, nan ne mai kyau, kamar dai a Mararrabar Jos. Haddace kalmomi huɗu: svinina naman alade, govyadina naman sa, kuritsa kaza, ryba kifi. Pelmeni da buuzy, ƙullin fulawa mai niƙaƙƙen nama a ciki, sau da yawa haɗin sa da alade ne, sai ka tambaya. Sa'ar da za ka yi ita ce 'yan Uzbekistan da Tajikistan da Kirgistan suna da gidajen abinci a garuruwa da yawa, da shinkafarsu ta plov da taliyar lagman. Guzurin hanya ka saya a can: kifin gwangwani, burodi, hatsin grechka mai saurin dahuwa, shayi. Daga gida yaji kawai za ka ɗauko. Kilishi ka bar shi, kwastan ba sa wasa da nama.

Mu da muka saba cewa mun fuskanci gabas, a Siberiya alƙibla yamma take. A Irkutsk yamma ce da ɗan karkata kudu, a Yakutsk yamma da ɗan karkata arewa. Sannan a Yakutsk a ƙarshen Yuni dare ba ya yin duhu, shafaƙi bai gama ɓacewa ba alfijir ya keto. Ka zauna da malaminka kafin tafiya a kan ƙasaru da jam'i da yadda ake ƙaddara lokacin isha da asuba a irin wannan wuri. Akwai masallatai a Irkutsk da Chita da Yakutsk, kuma nan ne wuri mafi sauƙin samun wanda zai nuna maka makanike mai amana.

Mataki na bakwai: waya da taswira

Tun 2025 sayen layin waya ga baƙo ya zama aikin kwanaki, da rajista da ɗaukar hoton fuska da murya, don haka ka yi shi a Vladivostok yayin da kake jiran kwastan. An toshe Facebook da Instagram tun 2022, kiran WhatsApp ma an taƙaita shi a 2025. Sauke taswirar yankunan gaba ɗaya a Yandex da OsmAnd ta yadda za su yi aiki ba intanet, da Rashancin manhajar fassara. Tsakanin garuruwan Kolyma ba sabis. Ka gaya wa mutanen gida ƙarara cewa shirun kwana uku ba mutuwa ba ne, ka ba mutum ɗaya jerin garuruwan da ranakun da kake sa ran isa, ka tuna masa Magadan ta riga Kano da awa goma. Lambar gaggawa 112. Ka yi mako biyu kana koyon haruffansu; ba su da wuya ga wanda ya iya boko da ajami.

Kada ka bi taswirar waya ido rufe. Daga Kyubeme akwai tsohuwar hanyar da ta bi ta Tomtor ta ɓulle kusa da kufan Kadykchan, garin ma'aikatan kwal da aka watse bayan fashewar mahaƙa a 1996. A taswira ta fi gajarta. A ƙasa kuwa an daina gyara ta bayan an buɗe titin Ust-Nera a 2008, gadojinta sun zube. A Disamba 2020 wasu samari biyu suka bi ta a mota saboda waya ta nuna musu nan, motar ta lalace, sanyi ya kashe ɗaya. Matambayi ba ya ɓata: direban babbar motar Kamaz da ya fito daga inda za ka ya fi kowace taswira sanin halin da hanya ta kwana.

Mataki na takwas: a kan hanya

Dama ake bi, kamar gida, da fitila a kunne ko da rana. A gabashin ƙasar motoci da yawa 'yan Japan ne masu sitiyari a dama, direban sai ya fito da rabin mota kafin ya ga abin da ke tahowa. Ka riƙa raɓewa gefenka. Tsakanin Chita da Skovorodino Rashawa da kansu suna cewa Allah ya halicci Sochi, garin shaƙatawa na bakin teku, shaiɗan ya yi Mogocha, wani gari da ke nan tsakani. A wannan yanki aka kashe wani ɗan Japan mai babur a 2012 a inda ya kafa tanti. Dokar kwana ke nan: ko dai a cikin mutane sosai, a masauki ko harabar gidan abinci da izinin mai shi, ko kuma inda ba mai ganinka daga titi sam. Kusa da ƙauye da yamma, inda mashaya za su hango ka, shi ne mafi muni. Za a yi ta neman hoto da kai, baƙar fata a kan babur ba abin da ake gani kullum ba ne, kuma yawanci da zuciya ɗaya ne. Idan aka miƙo maka kofin barasa ka ce "ya za rulyom", wato tuƙi nake, magana ta ƙare ba wanda ya ji haushi. Beyar tana nan a dajin. Ka dafa abinci nesa da tanti, kada ka kwana da ko gwangwanin kifi a ciki, idan ka gan ta a bakin titi kada ka tsaya hoto.

Titin Lena yana ƙarewa a Nizhny Bestyakh, a gaɓar gabas, kuma daga nan titin Kolyma ya fara. Yakutsk tana tsallake, ke nan fito biyu, zuwa da dawowa. Ka shiga duk da haka, shi ne babban birni na ƙarshe. Gaba kuma akwai fiton kogin Aldan kafin Khandyga, wanda kan jira sai motoci sun taru. Daga Tyoply Klyuch hanya ta fara hawa dutse, ta bi ta gefen gangaren Chyorny Prizhim, dutse a hannu ɗaya kogi a ƙasa a ɗaya. Idan tirela ta taho, ƙurarta takan rufe komai na daƙiƙu masu yawa, kuma wata na iya biyo bayanta. Rage gudu, raɓe, jira ta lafa. Idan an yi ruwa kuwa yumɓun da ke tsakanin Lena da Aldan yana zama kamar sabulu, ya cushe tsakanin taya da marfinta har ta daina juyawa. Ranar ba ta tafiya ba ce. Ɗauki ɗaya daga kwanakin da ka tara.

Idan ruwa ya cinye gada ko ya haye titi, sauka ka taka da ƙafa tukuna, da sanda, ka ji duwatsun ƙasa. Ka san tsayin inda injinka ke shaƙar iska, ka auna shi da cinyarka tun a gida. Ruwan da ya wuce gwiwa kuma yana ja, ba naka ba ne. Wanda bai kai ba, sauke kaya ka tsallaka da su a ka, ka tura babur a giya ta ɗaya kana tafe a gefensa ta inda ruwan ke fitowa, don in ya faɗi kada ya danne ka. In ya kife, kashe shi nan take, kuma kada ka sake tayarwa: cire fulogi, juya injin ruwan ya feso, matse matatar iska, duba baƙin mai, idan ya koma kalar madara sai an sauya. Kogunan dutse suna hawa da sauri suna sauka da sauri, wanda ya gagara da la'asar sau da yawa da hantsi ya ba da hanya. In bai ba da ba, babbar motar Ural ko Kamaz za ta zo, ku yi ciniki.

Mataki na ƙarshe: fita

Magadan ba ta da layin dogo, titin da ya kawo ka shi ne kaɗai titin. Ko ka juya ka maimaita 2,031 ɗin, ko ka sa babur a jirgin dakon kaya zuwa Vladivostok kai kuma ka hau jirgin sama daga filin Sokol. Jiragen ruwan ba kullum suke tashi ba, don haka tun kana Yakutsk ka kira wakilin jigilar ka ji ranar lodi. Kafin ranar ka hau tudun da ke saman garin ka ga gunkin tunawa da fursunonin Kolyma da Ernst Neizvestny ya sassaƙa, wanda aka buɗe a 1996. Sannan ka wanke babur tas, ka zuƙe man tanki, ka cire kan batir, ka ɗauki hotonsa ta kowane ɓangare a gaban wakilin. Takardar kwastan ta wucin gadi tana kan sunanka har ranar da babur ɗin ya fita daga ƙasar aka buga mata hatimi, saboda haka ka lissafa kwanakin da zai yi a teku su faɗo cikin wa'adinta da na bizarka, kuma tikitinka na barin Vladivostok ka saye shi irin wanda ake iya ɗaga ranarsa.